Tarkacen Da Ake Rainawa a Nasarawa Gwom

Da yamma, bayan an tashi daga Islamiyya, ba wuya a lungunan Nasarawa Gwom da ke Jos ka ci karo da yaro yana jan motar da ya ƙera da hannunsa. Jikinta gwangwanin madara ne da aka farke aka daddale da dutse. Tayoyin daga tsohon silifa aka yanko su, aka soke da waya, sannan murafen kwalba biyu suka zama fitilun gaba. Babba in ya gani, abin da yakan ce bai wuce "kai, kwashe tarkacenka daga hanya" ba.

To amma irin wannan tarkacen ne ya ɗaga El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Nsukka. Murafen kwalabe yake tarawa, a daddale su, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, har su zama ƙaton mayafi mai walƙiya da ke rufe bango guda. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya. Shi da yaron nan ido ɗaya gare su: sun dubi abin da aka yar, sun ga bai gama aiki ba. Sai dai ɗaya ana biyan kuɗi a kalli nasa, ɗaya kuma ana korarsa.

Mutumin Jos bai kamata ya jira wani ya koya masa wannan daga waje ba, domin ƙasar da yake takawa ta riga ta ba da darasin sau biyu. Masu haƙar kuza ne suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a kusa da Nok a 1928, kuma irinsu na cikin abin da Bernard Fagg ya tara a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Yumɓun nan ya haura shekara 2,000 a binne, bai ɓata ruwa ba, bai hana shuka fita ba. Ita kuwa haƙar kuzar da ta tono shi, a shekarun da ta yi tana tashe ta bar Filato da kududdufai birjik, wasu har yau suna cin rayukan yara da dabbobi.

A harabar gidan tarihin akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu. Ka matsa kusa ka duba bangon: jar ƙasa ce da ciyawa, ga sawun yatsun magini bai ɓace ba. Wasu na kushe shi da cewa sai an riƙa yi masa yaɓe, in ba haka ba damina ta cinye shi. Gaskiya ne, kuma ni a nan nake ganin darajarsa. Ginin da in an bar shi zai koma ƙasar da aka ɗebo shi bai bar wa jikoki bashi ba. Haka shingen ƙerana da Birom ke kewaye gida da gona da shi: ba bulo, ba siminti, yana tsare akuya, yana riƙe ƙasa, kuma kullum ƙara girma yake.

Leda ba ta san wannan ladabin ba. Ka leƙa kwata bayan ruwan farko ka ga yadda ledar fiya wata ke cushewa a bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya hau titi, saura kuma ya gangara rafin Dilimi. Wanda ya ga ambaliyar watan Yuli na 2012, wadda ta ci mutum fiye da 30 a wajejen Rikkos da Gangare, ba ya wasa da hanyar ruwa.

Ban ce motar gwangwani za ta share rafi ba. Gwangwani biyu ta ɗauke, unguwa kuwa buhu-buhu take zubarwa. Kuma ba duk sarrafa bola ne alheri ba: mai ƙona waya don ya ciri jan ƙarfe hayaƙin guba yake shayar da maƙwabta, tukunyar da aka zuba da kowane irin ƙarfe ma tana iya ɗauke da dalma. Amfanin irin wannan fasaha a ido yake. Yaron da ya saba tambayar "me wannan zai zama?" kafin ya yar da abu, da wuya ya girma yana juye shara a kwata cikin dare.

Masu wannan ido suna nan kusa, ba a dai kiransu masu fasaha ne: mai yanka tsohuwar taya ya fitar da takalmi da guga, mai mayar da gwangwani aci-balbal, uwar da ke saƙa tabarma da zaren buhu.

Malaman makarantun Nasarawa Gwom, na boko da na Islamiyya, ku gayyato ɗaya daga cikinsu aji da kayan aikinsa ko da sau ɗaya a zango. Iyaye kuma, gidan tarihin nan cikin gari yake, keke Napep zai kai ku. Ku kai yara lokacin hutu.