Kiɗan Ya Yi Daɗi, Amma Tutar Fa?

Wani dare cikin bazara, lokacin da nake karatu a jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, na yi tafiyar kusan awa biyu a mota don in kalli wasu makaɗa a wani fili da ke bayan gari. Kuɗin shiga ya cinye mini kuɗin cefanen mako guda, ban kuwa yi da-na-sani ba. Mutane ne dubbai a zaune kan ciyawa, wasu da furfura, wasu da goyo. A kan dandamali akwai masu jita biyu, masu ganga biyu, da mai ogan. Waƙar da na sani a faifai ba ta wuce minti biyar, amma a daren nan sai da suka ja ta ta haura minti ashirin. Wannan ya jefa magana da jita, wancan ya cafe ya mayar masa, masu ganga suna biye da su kamar 'yan rakiyar amarya.

Kusa da ni akwai wani Bature mai dogon gemu. Da ya ga gumi ya jiƙa ni sai ya miƙo mini gorar ruwa. Lokacin da kiɗan ya kai ƙarshen tashinsa ya sauko a hankali, muka dubi juna muka yi dariya, irin dariyar mutum biyu da suka ga abin mamaki tare. Da aka tashi ya juya zai tafi, sai na ga abin da ke bayan rigarsa: jar tuta, da shuɗin layi biyu da suka gitta juna, da fararen taurari 13.

Ga wanda bai san ta ba, wannan ita ce tutar yaƙin jihohin Kudu 11 da suka ɓalle daga Amurka, aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Babban abin da suka ɓalle dominsa shi ne su ci gaba da riƙe bayi, waɗanda yawansu ya kusa miliyan huɗu a lokacin. An ci su da yaƙi, amma tutar ba ta mutu ba. A 1956, shekara biyu bayan Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, jihar Jojiya ta ɗauki wannan alama ta sa a tutarta, ta kuma zauna a haka har 2001.

Washegari na ba maƙwabciyata labari. Tsohuwa ce baƙar fata, wadda ta fara karatu a makarantar da ake ware wa baƙaƙe. Mama nake ce mata, don ta riƙe ni kamar ɗa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, muna yara idan motar da ke ɗauke da wannan tuta ta shigo unguwarmu, mahaifiyarmu kiranmu take yi mu shiga gida ta kulle ƙofa. Kai kuma ka biya kuɗi ka je ka zauna a cikinsu?"

Ban ba ta amsa a ranar ba. Tambayar da ta bar ni da ita ce nake so mu duba tare: shin mutum zai iya son kiɗa alhali yana ƙin abin da wasu ma'abota kiɗan suke ɗagawa a kansa? Idan zai iya, me wannan so ya wajabta masa?

Amsar farko da ta zo mini ita ce mai sauƙi: kiɗa kiɗa ne, ba ruwansa da siyasa. Tsirkiyar jita ba ta san launin hannun da ke taɓa ta ba. Wannan magana tana da daɗin faɗa, amma ba ta jure bincike. Ɗauki ƙungiyar Lynyrd Skynyrd, 'yan garin Jacksonville na jihar Fulorida, waɗanda suna cikin manyan wannan salo da ake kira rok ɗin Kudu. Sun shekara da shekaru suna rataya tutar a bayan dandamalinsu. Shahararriyar waƙarsu ta 1974, "Sweet Home Alabama", martani ce ga mawaƙi Neil Young, wanda ya yi waƙoƙi biyu yana sukar Kudu kan bauta da wariya. A cikinta sun taɓo gwamnan Alabama, George Wallace, mutumin da a 1963 ya tsaya a ƙofar jami'ar jihar don hana ɗalibai baƙar fata shiga. Har gobe ana gardama kan ko yabonsa suka yi ko ba'a. Waƙar da ta taɓo gwamna, aka rera ta ƙarƙashin tutar yaƙi, ba za a ce ba ruwanta da siyasa ba. A 2012 mai jitarsu Gary Rossington ya ce sun ja baya daga tutar saboda masu wariya sun mayar da ita tasu. Wasu masoyansu suka yi masa ca, sai ya sassauta maganar. Idan da tutar ado ce kawai, da ba wanda zai tada jijiyar wuya don an ce za a naɗe ta.

Mu ma a gida mun san irin wannan. Sau nawa waƙar siyasa ta kama bakinka, kana wanka kana rera ta, alhali wanda aka yi wa ita ba ka ko son ganin hotonsa? Daɗin sauti yana shiga ba sallama, kuma ba ya shigowa shi kaɗai.

Amsa ta biyu ita ma mai sauƙi ce: a watsar da kiɗan duka, a huta. Na gwada. Na yi kusan wata biyu ban kunna shi ba. Abin da ya dawo da ni tarihin wata ƙungiya ce, Allman Brothers Band, wadda da yawa suke ɗauka ita ce tushen salon. An kafa ta a 1969, shekara biyar kacal bayan dokar da ta haramta wariya a gidajen abinci da otal-otal. Su shida ne, kuma ɗaya daga cikin masu gangarsu biyu, Jaimoe, baƙar fata ne ɗan Misisipi, wanda ya taɓa yi wa Otis Redding kiɗa. Haka suka riƙa yawo a garuruwan Kudu cikin mota ɗaya, a zamanin da zaman baƙi da fari a teburi guda zai iya jawo duka. A garin Macon inda suka zauna, wata baƙar mace mai gidan abinci, Mama Louise, ita ta riƙa ciyar da su lokacin da ba su da ko sisi. Jagoransu Duane Allman ya yi suna ne a ɗakin ɗaukar waƙa na Muscle Shoals a Alabama, yana kaɗa wa Wilson Pickett jita, ya kuma yi wa Aretha Franklin. Jaimoe ne ya jawo hankalinsu ga faya-fayen jaz na Miles Davis da John Coltrane, inda suka ƙara koyon sakin linzamin kiɗa.

Ka saurari faifansu na At Fillmore East, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a birnin New York cikin watan Maris na 1971. Waƙar da ta buɗe shi, "Statesboro Blues", ta Blind Willie McTell ce, wani makahon mawaƙi baƙar fata ɗan Jojiya da ya ɗauke ta a 1928, ya kuma yi yawancin rayuwarsa yana kiɗa a bakin titi. A cikin faifan za ka ji Duane yana ambaton Elmore James da T-Bone Walker da bakinsa kafin a fara waƙoƙinsu. To idan na watsar da wannan kiɗa don na ga tuta a rigar wani, wa na hukunta? Na bar wa mai tutar gadon McTell ke nan, na bar masa gangar Jaimoe, kamar dai na yarda da shi cewa Kudu tasa ce shi kaɗai. Alhali jinin wannan kiɗa buluz ne, buluz kuwa jikokin bayi ne suka haife shi a gonakin auduga. Ko "Sweet Home Alabama" ɗin ma, cikin masu yi mata amshi akwai mata baƙar fata, Merry Clayton da Clydie King. A faifan da ta fito kuma akwai wata waƙa da aka yi don girmama wani tsohon makaɗin buluz baƙar fata. Baƙi da fari a kiɗan Kudu hanta da jini ne. Duk wanda ya ce zai raba su, ko ta wane ɓangare ya fito, sai ya yi ƙarya a wani wuri.

Da amsoshin nan biyu suka gaza, sai na koma ga kiɗan kansa, na tambayi kaina me nake so a cikinsa. Abin da ke kai mutum filin wasa alhali yana da waƙar a waya shi ne, a can ba wanda ya san inda za ta nufa, har su makaɗan. "Whipping Post" a wancan faifai ta kai kusan minti 23, ta cinye fuska guda ta faifan ita kaɗai. Ba a iya irin wannan sai kowa ya buɗe kunne. Mai jitar da ya nace sai ya kaɗa abin da ya shirya tun daga gida, ko da abokinsa ya canja hanya, shi ne zai ɓata daren. Gwanintar ba a yatsu kaɗai take ba. Rabinta a kunne take. Wannan ne ya sa masoyan Grateful Dead suka riƙa bin su gari-gari suna naɗar kowane wasa a kaset, har ƙungiyar ta ware musu wurin tsayawa a 1984. Wannan ne kuma ya tara mutum kusan 600,000 a Watkins Glen a watan Yuli na 1973, inda Grateful Dead da The Band da Allman Brothers suka yi wasa rana ɗaya. Mutane suna zuwa ne su ga 'yan Adam suna sauraron juna.

A nan na ga abin da ke kaina. Ba zai yiwu in yi ta yabon makaɗa don suna sauraron juna, sannan in toshe kunnena ga tsohuwar da ke gaya mini abin da tuta ta yi wa ƙuruciyarta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni baƙar fata ne, amma baƙo ne a wannan tarihi. Ba kakana aka sayar a kasuwar Charleston ba, ba mahaifiyata aka hana kujerar gaba a mota ba. Saboda haka yafiyar ba tawa ba ce balle in bayar. Ba ni da hurumin cewa "ai abu ya wuce" don wani mai gemu ya ba ni ruwa. Kirkinsa gare ni gaskiya ne, tsoron Mama ma gaskiya ne, kuma ɗaya bai goge ɗaya ba. Mai yiwuwa shi a ransa tutar tana nufin garinsu ne da kakanninsa. Amma ma'anar alama ba ta tsaya a zuciyar mai ɗauke da ita ba. Tana kuma idon wanda aka taɓa razanawa da ita. A watan Yuni na 2015 wani matashi da ya yi hotuna riƙe da wannan tuta ya shiga wata majami'ar baƙar fata a Charleston ya kashe mutum tara. Bayan makonni kaɗan aka sauke tutar daga harabar majalisar jihar Karolina ta Kudu. A wannan lokacin mawaƙi Tom Petty, wanda ya yi amfani da ita a rangadinsa na 1985, ya fito fili ya ce ya yi kuskure kuma yana nadama. Bai ce a daina jin waƙoƙinsa ba, bai kuma ce ba a fahimce shi ba ne. Ya amsa laifinsa ya ci gaba da kiɗa.

Ina ganin haka ne hanyar masoyi ma. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan na ci daɗin wannan kiɗa, akwai bashi a kaina. Na farko, in san masu shi na asali in kuma riƙa kiran sunansu, kamar yadda Duane ya kira su a gaban jama'a: idan na tura wa aboki "Statesboro Blues" ta 1971, in haɗa masa da ta 1928. Na biyu, kada so ya sa in zama lauyan abin da ba shi da kariya. Idan aka tambaye ni game da tutar, in faɗi abin da take, ba kwana-kwana. Na uku, in duba inda kuɗina ke zuwa. Akwai bambanci tsakanin wasan da wani ɗan kallo ya zo da tutar a rigarsa, da wasan da makaɗan da kansu suka rataya ta sama. Na farko zan iya zuwa. Na biyu na daina.

Akwai wanda zai ce wannan duk dabara ce ta mai son ya ci tuwo ya kuma ce yana azumi. Ban raina wannan suka ba. Mai yiwuwa da ni ne na tashi a unguwar Mama, da ko sautin jitar ba zan iya jurewa ba, kuma ba wanda zai ga laifina. Abin da na sani shi ne, ƙaurace wa kiɗan bai ƙara mini sanin komai ba, amma komawa gare shi da buɗaɗɗen kunne shi ya kai ni ga McTell da Elmore James, ya kai ni ga karanta tarihin Wallace, ya sa na zauna na ji labarin maƙwabciyata har ƙarshe.

Kafin in baro Jojiya na je yi mata sallama da wayata a hannu. Na ce, "Mama, akwai abin da nake so ki ji." Na kunna mata muryar McTell, tana fita cikin ƙarar tsohon faifai. Ta yi shiru, can ta ce kawunta yana yin irin wannan kiɗa a baranda da yamma. Sai na kunna mata ta Allman Brothers. Ta saurara har Duane ya gama jan kwalbar maganinsa a kan tsirkiya, tana kaɗa ƙafa a hankali. Da ta ƙare ta ce, "Yaran nan sun iya. Amma ni dai ba za ka gan ni a filin nan ba."

Na ce mata na sani. Ba ta ce in daina zuwa ba, ni ma ban roƙe ta ta ce mini ba komai ba.