Tsautsayi da ganganci

A Hausa akwai kalmomi biyu da ba a son su haɗu a ƙofar gidan makoki: tsautsayi da ganganci. Idan yaro ya faɗa rijiyar da ba ta da murfi, ko zanen yarinya ya kama wuta a gindin murhu, masu zuwa gaisuwa sukan ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Ba mai buɗe baki ya tambayi maigida tun yaushe rijiyar take a buɗe. Wannan kawaici abin yabo ne, domin ba a ɗora wa zuciyar da ta karye tuhuma. Sai dai kalmar da aka tanada don lallashin wanda ya yi rashi ta bar gidan makoki, ta zama hujja a bakin wanda rashin bai riga ya same shi ba.

Duk mai bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram ya sha ganin magidanci bisa babur, yaro ɗaya a kan tanki, wani a matse tsakaninsa da uwargida, ga jinjiri a goye, babu mai hular kwano. In aka yi masa magana, amsarsa a shirye take: wanda kwanansa bai ƙare ba zai isa gida. Maganar gaskiya ce, amma ba a wurinta aka faɗe ta ba. Ƙaddara a ɓoye take har sai ta auku, saboda haka babu mai iya kafa hujja da ita a kan abin da bai faru ba tukuna. Abin mamaki kuma, mutumin nan da dare sai ya sa wa shagonsa kwaɗo, ya ɗaure ragonsa a turke, ya shigar da babur ɗin zaure. Dukiya ba ya barin ta ga ƙaddara. Kan ɗansa kawai yake bari. Malamai sun san labarin Sayyidina Umar, wanda ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma bai ɗauki komawar a matsayin raunin tawakkali ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi. Babba yana iya sai da ransa, ya ce nasa ne, ko da yake wannan ma da magana. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa ba a yi shawara da shi ba. Bai zaɓi a zuba maganin ƙwarin gona a cikin kwalbar lemo a aje ƙarƙashin gado ba, bai zaɓi a kwana da jarkar mai a ɗakin da ake kunna ashana ba, bai kuma san cewa tabkin da damina ta cika a bayan gari yana da ramin da aka haƙa don tubali a tsakiyarsa ba. Tawakkalin da mutum ya yi da jikin wani, musamman wanda aka ba shi amanarsa, sunansa ya canza.

Amma rashin adalci ne a tara laifin duka a kan iyali, kamar dai hattara kyauta ake samun ta. A watan Mayu na 2019, wata motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai; mutane suka sheƙa da jarkoki da bokitai cikin dare don kwasa, wuta ta tashi, fiye da 50 suka mutu nan take. Babu ɗaya cikinsu da bai san mai yana kama wuta ba. Sun auna haɗarin da kuɗin cefane, cefanen ya rinjaya. Wa'azin hankali ba ya cika tasiri ga wanda tukunyarsa ke kife.

Gobarar makarantu ta 2021 ta fi fito da batun fili. A watan Afrilu yara kimanin 20 suka ƙone a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai. A watan Nuwamba, wata bakwai bayan haka, irin wannan wuta ta ci yara aƙalla 25 a Maraɗi. Iyayen nan ba su yi sakacin kome ba: sun yi wa ƴaƴansu wanka sun tura su karatu, abin da ake ta roƙonsu su yi. Ta farko an iya kiran ta tsautsayi. Ta biyu, bayan kowa ya ga yadda zana ke ci da wuta cikin ƴan mintoci da yadda ƙananan yara ke rasa hanyar fita, da wuya kalmar ta ɗauke ta. Sai bayanta ne hukuma ta hana sa yaran renon farko a azuzuwan zana. Alhaki yana bin iko: wanda ke da halin gina aji da siminti ba a tambayarsa daidai da wanda ke da halin rufe rijiya kawai.

Rijiyar kuwa ba ta jiran kasafin kuɗin ƙasa. Guntun kwano ko ƙyauren da ya tsufa, da dutse a bisa, sun isa. Maƙwabciyar da ke shigowa ɗibar ruwa kullum ta ga bakin a buɗe, ta ga mai rarrafe yana nufar wajen, ta yi shiru don kada a ce ta shiga sha'anin gidan wani. Kawaicin da ya dace da ranar makoki ta yi shi tun watanni kafin ranar. A gidajen da abin ya auku, akasari akan samo murfin kafin sadakar bakwai.