Ana Auna Taya, Mai Babur Fa?

Ɗan kabu-kabun da zai ɗauko kaya da fasinja daga Tozai zuwa Isa, ko ya miƙa Sabon Birni, yakan fara tsayawa wurin mai faci. Shi kuwa mai faci bai yarda da ido ba. Zai durƙusa, ya kwance murfin bawul, ya ɗora geji, ya dubi inda allura ta tsaya, sannan ya ce a ƙara iska ko a rage. Tayar da iska ta yi wa yawa ta fi kowace kyan gani, ta cika ta tsaya ƙyam. Ita ce kuma kan fashe da tsakar rana, a dajin da yanzu ba mai son tsayuwa cikinsa ko ta minti ɗaya.

Abin lura a nan, an auna taya, amma mai babur da dattijon da ya goya babu wanda ya auna su. Hawan jini kuwa haka halinsa yake. Mutum na noma, yana cin tuwonsa, yana zuwa jam'i, kansa ma ba ya ciwo, alhali jini na dukan jijiyoyinsa da ƙarfin da ya wuce kima, yana gajiyar da zuciya, yana cin ƙoda a hankali. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, sai a ce jifa ne ko iska, a nufi gidan mai magani. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. In haka lissafin yake har da ƙasashen da asibiti ke bakin ƙofa, ina ga ƙauyukan Gobir, inda 'yan bindiga suka sa hanya ta zama abin tsoro, wasu mutanen suka tsallaka Maraɗi gudun hijira? Wa zai biya kuɗin mota, ya sa ransa a hanya, don ciwon da bai ji a jikinsa ba?

Saboda haka na'urar awon jini ce ya kamata ta je inda mutane suke. Ba wata babbar aba ba ce, da batir take aiki, tana shiga jakar hannu. Sai dai awon yana da ladubba. A bar mutum ya zauna ya huta kamar minti 5, ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, a ɗora hannunsa daidai ƙirji. Kada ya kasance yanzu ya ci goro ko ya sha taba ko shayi. Sannan a yi shiru, wanda shi ne mafi wuya a wurinmu, don Bagobiri ba ya barin gaisuwa rabi. Mai awo zai ce, "Baba, a ɗan dakata da magana," shi kuwa yana cikin tambayar mutan gida. In lamba ta kai 140 bisa 90 ko ta wuce, sai a sake aunawa wata rana kafin a ce mutum na da ciwon.

A nan ne gangamin awo da yawa ke tuntuɓe. A zo da rumfa da lasifika, a auna jama'a, a ɗauki hoto, a ce wa wanda jininsa ya hau, "Ka je asibiti," a naɗe tabarma a tafi. An ƙara masa fargaba ne kawai. Wani bincike da aka buga a 2018 ya gwada wannan a shagunan aski 52 na baƙar fata a Los Angeles ta Amurka. Inda mai aski ya tsaya ga shawarar a je a ga likita, lambar sama ta sauka da kusan 9 cikin wata shida. Inda aka kawo masanin magunguna cikin shagon yana ba da magani yana bibiya, ta sauka da 27. Su ma can mai aski suka nema, don shi ne maza suka yarda da shi. Mu da ke da wanzamai, masu shiga kowane gida ranar suna, bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba.

Ba sai an je Amurka ba ma. Tun 2020 aka fara wani shiri a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke bin tsari mai sauƙi, suna fara majinyaci da amlodipine, ƙwaya ɗaya a yini. Maganin ba irin na zazzaɓi ba ne da ake daina sha in an ji sauƙi. Kullum ake shan sa, don haka dole ya samu a kusa, cikin kuɗin da manomi zai iya.

Mata su ne rumfar kasuwa ba za ta taɓa kamawa ba. Mai cikin da jininta ya hau, ƙafa da fuska suka kumbura, tana iya faɗawa jijjiga, kuma awon ciki ne ke gano ta da wuri. Mai jego kuma ga kunun kanwa, wanda likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan shansa da ciwon zuciyar bayan haihuwa. Ga gishiri, ga dunƙule a miya, alhali gishirin da aka shawarta wa babba a yini bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya ba. Masu rigakafin shan inna sun san ƙofar kowane gida, alamarsu ta alli na nan jikin bangaye. Macen da ke shiga da ɗigon rigakafi za ta iya shiga da na'urar awo in an koya mata.

Shugabannin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, da sarakunan yankin, ku sama wa kowace mazaɓa na'ura da batir da littafin rubuta sunaye, ku ajiye magani inda ake awon. Kai kuma mai karatu, duk inda ka tarar ana awo, zauna ka miƙa hannu, ka sa a rubuta maka lambar a takarda, ka koma ranar da aka ce ka koma.