Hannun Jariri Na Wa Ne?

A makarantar Islamiyyar matan aure da nake koyarwa a Yelwan Yawuri, tambayoyi masu nauyi ba a cikin aji ake yin su ba, sai an tashi ana neman takalma. Wadda ta fi fitowa daga bakin masu goyo ita ce: "Malama, yarona ya fara kai hannu kwano, amma da hagu yake ɗauka. Kakarsa ta ce in riƙa buge hannun kada Shaiɗan ya ci tare da shi. Ina da laifi in na ƙyale shi?" Kafin in amsa nakan tambayi watanninsa, da abin da ke cikin kwanon, da wanda ke zaune kusa da shi. Batun hagu da dama shi ne na ƙarshe a layi. A gabansa akwai tambayar da ta fi shi girma: wannan ɗan hannu da ya miƙe, mallakarmu ne mu juya yadda muka so, ko amana ce aka ba mu tsaro?

Mu fara da lokaci. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara da aya ta 14 ta Suratu Luƙman, amma bai yanke ranar lomar farko ba. Malaman Malikiyya ma da suka zo kan 'yan'uwantakar nono ba su tsaya ga ƙidayar watanni kaɗai ba. A Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, yaron da aka yaye kafin shekara biyu har ya wadatu da ci da sha, nonon da ya sha bayan nan ba ya haramta aure. Ashe shari'a halin yaron take dubawa. Abin da ta bari a buɗe kuwa, ta bar wa idon uwa ne da ilimin masana.

Masanan sun yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ba ruwa ba kunu. Daga nan a fara abinci mai laushi ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye, domin wajen wata 6 sinadarin ƙarfe mai gina jini da aka haifi yaro da shi ya fara ƙarewa. Wajen wata 8 yawancin yara suna iya ɗaukar abinci da hannunsu, a shekara 1 kuma su ci abin da gida ke ci. Jikin yaro ma yana ba da labari: wuyansa ya tsaya, ya zauna da kansa, ya riƙa bin lomarki da ido, ya daina turo abinci waje da harshe. Da farko damƙa yake yi da tafin hannu, wajen wata 9 ya fara tsinta da babban yatsa da manuni. Haƙori ba sharaɗi ba ne, dasashi na murƙushe duk abin da ya dahu liƙis.

Gaggawa tsohuwar cuta ce. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji kukan jariri cikin dare a Madina, da ya bincika sai ya tarar uwar na tilasta masa yaye ne saboda baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya canza dokar, aka koma ba kowane jariri tun daga haihuwa. Mu a nan ba kason baitulmali ke korar mu ba, aikin albasa ne da shinkafa da ranar kasuwa. Sai a kwantar da ɗan wata uku a cinya, a toshe masa hanci, a yi masa ɗurar kunu da tafin hannu don ya yi barci. Kunun na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ko da bai bi ba, darasin farko da yaron ya ɗauka game da abinci shi ne ana cin ƙarfinsa.

Jinkiri ma laifi ne, kuma ya fi ba ni takaici. Za ki ga ɗan wata goma ba ya samun komai sai koko tsurarsa, a garin da jirage ke sauke karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa kullum, ana banda ana loda wa motoci zuwa kudu. In kin yi magana a ce ƙwai na sa yaro sata, ko a ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, amma ai ga abincin nan Allah ya kawo har bakin ruwa, daga Shanga zuwa Wara ta ƙasar Ngaski. Mu ne muke sayar da shi duka. Mahaifiyata daga cikin Gungawa take, ta tashi a gungu kafin madatsar Kainji ta 1968 ta tashi mutane sama da 40,000 daga matsugunansu. Ba ta san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma takan ɗauki tsokar karfasa dafaffiya ta murje ta tsakanin yatsu sau biyu tana laluben ƙaya, sannan ta ajiye a gaban jikanta ta naɗe hannu tana kallo. Wahalar ta ɗauka, zaɓin ta bar masa.

Wannan shi ne dukkan tsarin. A wanke hannun uwa da na yaro da sabulu da ruwa mai tsabta, ba na bakin tafki ba. A zaunar da shi tsaye, ba a kwance ba, ba kuma yana rarrafe ba. A yanka dafaffen dankali ko kabewa kamar tsawon yatsa, ko ayaba nunanniya, ko gwanda, ko ƙwai da ya dahu sosai, ko alala marar yaji, ko ɗan tuwon shinkafa. Kifi a tsince ƙayarsa, har da ƙanana irin warangi, a daka su. A nisantar da gyaɗa guda-guda, da aya, da ƙuli-ƙuli, da gasasshiyar masara, domin su ke maƙale wa yara a maƙogwaro. Gyaɗa sai an niƙa. A rage gishiri da magi. Zuma kuwa, duk da darajarta, sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da cikin jariri bai iya yaƙa ba tukuna. Kuma kada a bar shi da kwano a hannun yayarsa 'yar shekara biyar, domin yaron da abu ya shaƙe ba ya iya kuka.

Yanzu sai hagu. Umar ɗan Abu Salama yana yaro a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hannunsa na yawo a akushi, sai aka koya masa ambaton Allah da ci da dama da cin abin da ke gabansa. Yaro ne mai fahimtar magana, kuma da magana aka gyara shi, ba da mari ba. Jariri alƙalami bai hau kansa ba, kuma sai ya kai shekara biyu ko uku yake tsayawa kan hannu ɗaya. Ki yi masa bisimilla a bayyane, ki ajiye lomar ta ɓangaren damansa, ki ci da dama yana gani. Kakar ma a gaya mata cikin ladabi: "Inna, sunnar da kike karewa da lallashi ta zo."

Saura abu ɗaya da ya fi wa iyaye wuya: yaro ya kau da kai ya rufe baki. Nakan ce a ƙyale shi, a sake gwadawa gobe, domin sabon ɗanɗano sai an maimaita yake karɓuwa. Addininmu ya zargi cika ciki, ya yabi wanda ya san iyakarsa. Mutumin da muke fatan wata rana ya janye hannunsa daga haram don kansa, bai kamata mu fara da koya masa cewa janye hannu laifi ne ba.