Goro Biyu a Aljihu

Ɗan maƙwabciyarmu na fari yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, gwaji ya nuna sikila ce. Wajen dubiya na ji wata dattijuwa tana ba uwar baki: "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Tunda likita ya ce ɗaya cikin huɗu ne, ukun da za su biyo baya lafiya lau za su zo." Zuciyar Hajiya fara ce, lissafinta ne ya karkace.

A ce miji da mata duka AS ne. Kamar kowannensu yana da goro biyu a aljihu, fari A, ja S. Duk ciki, kowa zai zura hannu ido rufe ya ciro ɗaya. Fari da fari, yaro AA. Fari da ja, ko daga wajen uba ko daga wajen uwa, AS ke nan: farin ya rinjayi jan, yaro ya tashi garau, har ma yakan fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa S ya yawaita a ƙasashenmu. Sai ja ya gamu da ja cutar ke fitowa. Abin da Hajiya ba ta lura da shi ba, goron komawa aljihu yake yi. Aljihu kuwa ba ya tuna abin da ya bayar bara.

Gregor Mendel, malamin coci a Brno da ke ƙasar Cek ta yau, shi ya gano wannan tsari a kan wani irin wake, ya wallafa a 1866. Ya ƙirga ƙwaya 6,022 rawaya da 2,001 koraye kafin uku da ɗaya ta fito fili. Dubbai fa! A cikin kwanso guda kuwa, wani duk rawaya ne, wani koren ya zarce rabonsa. Gidan mutum kwanso guda ne. In ka tara irin waɗannan ma'aurata ɗari, kowanne da 'ya'ya huɗu, lissafi ya nuna kusan 42 ne za su sami mai sikila ɗaya daidai, wajen 32 ba ko ɗaya, sauran biyu ko fiye.

Ban tanka wa Hajiya ba, wurin bai dace ba. Yanzu maƙwabciyar tana da ciki wata biyar, jiya ta ce min ai ta riga ta biya nata kason.