Shin Duk Wanda Ya Ce "Ni Ne", Shi Ɗin Ne?



Kwanan baya wani ɗalibina daga Safana ya turo min bidiyon wani matashi zaune a ƙasa, idanu jajur, yana cewa shi ne infoman da ke kai wa 'yan bindiga labari. Ya ce, "Malam, ai ya amsa da bakinsa." Na ce masa, "To, me aka yi masa kafin a kunna kyamara?"

Ban raina raɗaɗin da ke zukatanmu ba. Duk wanda ya tuna kisan Tsauwa da Dankar a Batsari cikin Fabrairun 2020 ya san dalilin fushinmu. Amma fa fushi ba hujja ba ne.

Ka hana mutum barci, ka yi ta maimaita masa tambaya guda, ka ce abokinsa ya riga ya tona, sannan ka riƙa sa masa sunan daji da ranar hari a baki. Wani zai amsa don ya samu sa'ida. Wani kuwa, wallahi, sai ya fara kokwanton kansa, har ya riƙa tuna abin da bai taɓa faruwa ba. A 1995 masaniya Elizabeth Loftus ta Amurka ta gwada haka: kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ta gwada sun yarda sun taɓa ɓata a kanti suna yara, alhali ƙirƙirar labarin aka yi. A New York kuma, samari biyar sun amsa laifi a 1989 bayan doguwar tuhuma, sai a 2002 gwajin DNA ya nuna wani ne daban.

Ku dubi Ma'iz, Allah ya yarda da shi. Da ƙafarsa ya zo ya yi iƙirari, babu mai dukansa, amma Annabi (SAW) ya yi ta kawar da kai, har ya bincika ko hankalinsa lafiya. Ina ga wanda aka tatsi maganar daga bakinsa? Dokar hana azabtarwa ta 2017 ma ta hana kotu karɓar irin wannan furuci.

Sannan idan aka ɗaure marar laifi, infoman gaskiya yana nan cikinmu yana cin kasuwa.

Don haka kafin ka yaɗa irin wannan bidiyo, ka tuna za a tambaye ka. Allah ya tona asirin azzalumai, ya tsare mu daga zaluntar bayinsa.