Kiɗa a Kufan Samudawa

Jama'a, wani abu na ci mana tuwo a ƙwarya. Tun 2018 ake shirya bukukuwan kaɗe-kaɗe a Al'ula ta Saudiyya, dab da Hijir, ƙasar mutanen Annabi Salihu. Nan ne fa Manzon Allah (SAW), a tafiyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga sai dai suna kuka, ya lulluɓe kansa ya ƙara sauri.

Mu 'yan kasuwa mun san hujjar masu bikin: tsohon ginin da ba ya kawo ko kwabo, banzatar da shi ake. Duk wanda ya leƙa gida ya ga yadda aka yanka badalar Kano filaye. Gaskiyarsu ce. Amma kuɗin tikitin masu ziyara ma kan yi gyara, ba sai an kafa lasifika inda azaba ta sauka ba.